Makullin difarenshal: a aksil ɗin gaba za a sa shi ko a na baya?

Duk wanda ya taɓa sauka daga kwaltar Dutse da mota a tsakiyar damina ya san abin da ake nufi idan aka ce mota ta kafe. Inji yana ta ruri, taya ɗaya tana wulwulawa tana feshin taɓo, 'yar'uwarta da ke ɗaya gefen kuwa tana zaune a kan ƙasa mai tauri, ko motsi ba ta yi. Mai kallo sai ya ɗauka wani abu ne ya lalace. Babu abin da ya lalace. Haka aka ƙera motar ta yi, kuma na'urar da ke jawo hakan ita ce difarenshal, wato dunƙulen ƙarfen nan mai kama da tulu da ke tsakiyar aksil.

Maganin wannan kafewa shi ne makullin difarenshal, wanda direbobi da kanikawa ke kira diflok. Matsalar ita ce kayan waje ne mai tsada, kuma mai a-kori-kura da ke kwasar amfanin gona daga ƙauyukan da ke bayan Limawa, ko ma'aikatar da ke kai allurar rigakafi rugage, da wuya su iya sayen biyu a lokaci guda. Idan ɗaya ne za a iya saye, ina za a sa shi? A irin ƙasar tsakiyar Jigawa, da irin aikin da motocinta ke yi, amsar ita ce a baya. Akwai 'yan wuraren da na gaba yake da hujja, amma ba su da yawa, kuma kowannensu da sharaɗinsa.

Abin da difarenshal yake yi

Idan mota tana shan kwana, tayar da ke waje tana cin tafiya fiye da ta ciki. A motar da tazarar tayoyinta ta kai mita ɗaya da rabi, idan ta juya ta fuskanci inda ta fito, tayar waje ta fi ta ciki tafiya da kusan mita 4.7. Da a ce sanda ɗaya ce ta haɗe tayoyin biyu, da dole ɗaya ta riƙa jan ƙasa tana ƙara. Difarenshal shi ne ke ba kowace taya damar juyawa da saurin da ya dace da ita, alhali ƙarfin inji yana isa ga dukansu. Tsohuwar dabara ce. Ana danganta amfani da ita a abin hawa ga wani injiniyan Faransa mai suna Onésiphore Pecqueur tun a shekarar 1827, kafin a san motar fetur.

Sai dai adalcinsa ne aibinsa. Difarenshal na gama-gari yana raba ƙarfin murɗawa daidai wa daida tsakanin tayoyin biyu, kuma ba ya iya ba kowace fiye da abin da mai rauni a cikinsu za ta iya riƙewa. A ɗauka, don misali kawai, tayar da ta faɗa taɓo ba ta iya riƙe ƙarfi fiye da awo 50, ta kan tudu kuwa za ta iya riƙe 500. Abin da difarenshal zai ba ta kan tudun shi ne 50, jimla 100, sauran ƙarfin injin ya tafi a wulwulawar banza. Ƙara taka totur ba ya ƙara komai illa zurfin rami. Idan aka kulle difarenshal, tayoyin biyu sun zama kamar an ɗaure su a sanda ɗaya: dole su juya tare, kuma wadda ta samu wurin kamawa ita za ta ɗauki nauyin tura motar.

Nan ne ake samun ruɗani game da motocin da ake kira fowil. Da yawa daga cikin masu su sun ɗauka da zarar an sa giyar fowil, tayoyi huɗu ne ke ja ko ta halin ƙaƙa. A mota irin Toyota Hilux ko Land Cruiser 70, abin da giyar ke yi shi ne haɗe farfelar gaba da ta baya, amma kowane aksil yana nan da nasa difarenshal a buɗe. Saboda haka idan tayar gaba ta dama ta ɗaga sama, ta baya ta hagu kuma ta faɗa santsi, motar ta tsaya ke nan, kamar dai yadda ake gani idan an zo tsallake kwazazzabo a karkace. Wasu motocin kuma, waɗanda ƙafafunsu huɗu ke aiki kullum, suna da difarenshal na uku a tsakiya, kuma maɓallin da ke ɗauke da alamar kulle a cikinsu sau da yawa na tsakiyan kawai yake kullewa. Mai sayen mota ta hannu ya kamata ya bambance wannan da makullin aksil, domin ana yawan tallata ɗaya da sunan ɗaya.

Ƙasar da za a taka

Ba a zaɓen makulli sai an san inda motar za ta shiga. Dutse, wadda ta zama babban birnin jiha a 1991, ta samo sunanta daga duwatsun da suka kewaye tsohon garin, kuma a gindinsu akwai hanyoyi masu hawa da gangara waɗanda ruwan sama ke zaizayewa ya bar ramuka. Da an yi arewa, wajen Jahun da Miga da Kafin Hausa, sai a shiga jigayi, tuddan rairayi masu kwari a tsakaninsu. Da rani yashi ne mai nutsar da taya, da damina kuma kwarin ya tara ruwa. Can kwarin kogin Haɗeja, ta Ringim da Taura da Auyo, akwai laka mai danƙo ta fadama inda ake noman shinkafa da alkama. Ambaliyar 2022, wadda Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, ta nuna yadda hanyar kwalta kan yanke dare ɗaya, mota ta koma bin gefen gona.

Abin lura a nan shi ne, kusan babu inda direban wannan yanki yake hawan tsagwaron dutse don nishaɗi, irin wanda ake gani a bidiyon Amurka da Ostireliya. Shi kaya ya ɗauko: buhunan gero da riɗi da zoɓo zuwa kasuwar Shuwarin ko Gujungu, taki zuwa gona, ko majinyaci zuwa asibiti. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin maganar.

Dalilin da ya sa baya ya rinjaya

Taya tana kama ƙasa ne gwargwadon nauyin da ke kanta. A-kori-kurar da babu komai a bayanta ta fi nauyi a gaba, saboda inji. Amma da zarar an ɗora mata buhu 10 masu kilo 100 kowanne, wato tan ɗaya, wanda shi ne kusan iyakar abin da aka ƙera irin waɗannan motoci su ɗauka, mafi yawan wannan nauyi a kan aksil ɗin baya yake sauka. Idan kuma aka zo hawa, ko fita daga mashigin ruwa zuwa gaɓa, nauyin motar yana ƙara komawa baya, gaba ya yi sakayau. Kulle aksil ɗin da nauyi ya bari kamar ɗaura wa rago garma ne. Inda nauyi yake, nan ƙarfin ja yake, kuma nan makulli zai biya kuɗinsa.

Sai maganar sitiyari, wadda ta fi kowace muhimmanci ga lafiyar mutanen da ke cikin motar. Tayoyin gaba su ne ke juya mota, kuma su ne suka fi buƙatar bambancin gudu a kwana. Idan aka kulle su, sitiyari yana yin tauri, motar ta nace sai ta miƙe ko da an murɗa shi, kuma kwanar da take sha a da sai ta gagare ta. A siririyar hanyar da ke tsakanin gonaki, ko a kan gadar ƙasa mai ruwa dama da hagu, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Makullin baya ma yana rage wa mota saurin juyawa, amma bai kai abin da na gaba ke yi ba.

Na uku shi ne ƙarfin ƙarafan kansu. A yawancin a-kori-kura, aksil ɗin baya dunƙulallen ƙarfe ne, sandunansa miƙaƙƙu masu kauri, ba su da gaɓa. Na gaba kuwa dole ya kasance da gaɓoɓi masu ƙwallaye a ciki don taya ta iya juyawa dama da hagu tana kuma karɓar ƙarfi, kuma waɗannan gaɓoɓi sun fi rauni a lokacin da aka murɗa sitiyari har ƙarshe. To, a tuna cewa ƙaramar giyar fowil tana ninka ƙarfin murɗawa kusan sau biyu da rabi a Hilux da Land Cruiser 70. Da difarenshal a buɗe, tayar da ke wulwulawa ita ce ke kare sauran ƙarafa, domin ta nan ƙarfin ke zurarewa. Da an kulle, duk ƙarfin aksil ɗin zai iya tattaruwa a sanda ɗaya. Tayar gaba ta ɗaga tana juyawa, sannan ta faɗo ta cafki ƙasa, sitiyari a murɗe, ƙafa a kan totur: a nan ne ake jin ƙarar fashewar gaɓa. Wanda hakan ta same shi a daji da yamma, ga kaya ga hadari ya haɗo, sai ya gwammace kafewar farko.

Kamfanonin ƙera motoci ma a wannan tsari suke tafiya, kuma wannan hujja ce da kowa zai iya dubawa da idonsa. Hilux ɗin da ta zo da makulli daga kamfani, a baya yake. A Land Cruiser 70 da 80 masu makulli biyu, maɓallin murɗawa ne: mataki na farko baya, na biyu gaba da baya tare, kuma babu yadda za a kulle gaba shi kaɗai. A Mercedes G, maɓallai uku ne masu lamba, na ɗaya tsakiya, na biyu baya, na uku gaba, kuma a jere ake danna su. Jeep Wrangler Rubicon, da ta fito a 2003, ita ma sai an kulle baya kafin gaba. Manomi ma ya san wannan ba tare da ya san sunansa ba: a taraktocin Massey Ferguson akwai wani ɗan feda da direba ke takawa da diddige idan taya ɗaya ta fara santsi a kunya, kuma aksil ɗin baya yake kullewa.

Inda na gaba yake da hujja

Masu goyon bayan gaba ba maganar banza suke yi ba. Hilux ta zamani da takwarorinta ba su da dunƙulallen aksil a gaba. Kowace taya tana da nata hannu, kuma ba ta iya saukowa ƙasa sosai ta bi rami. Saboda haka tayar gaba ce ke fara ɗagawa a hanya mai kwazazzabo, yayin da aksil ɗin baya, mai sifirin, yake lanƙwasawa ya ci gaba da taka ƙasa. A irin wannan hali, makullin gaba yana gyara ɓangaren da ya fi gazawa. Haka nan idan ana son hawa kan wani tudu mai kaifi, kamar bakin kwalbati ko dandamalin dutse, tayoyin gaba da aka kulle suna jawo motar sama maimakon a tura ta ta ci karo. Idan kuma hancin mota ne ya faɗa rami ana son fita da ribas, nauyi yana gaba.

Akwai kuma motocin da suka riga suka zo da wani abin taimako a baya, wato difarenshal mai rage zamewa, wanda ba ya kullewa gaba ɗaya amma yana tura wani kaso na ƙarfi ga tayar da ta kama. Idan yana aiki da kyau, mai motar zai iya cewa gara ya kai kuɗinsa gaba. Sai dai a tsohuwar mota da ta sha hanya, fayafayan da ke cikinsa sukan cinye, ya koma kamar na gama-gari ba tare da mai ita ya sani ba. A sa bakanike ya gwada kafin a gina shawara a kansa.

Duk waɗannan hujjoji sun fi ƙarfi ga motar da ke tafiya babu kaya a kan duwatsu. Ga mai lodi a yashi da laka, ba su kai nauyin na baya ba. Gaskiyar magana, makullin gaba na biyu ne: ana ƙara shi bayan an sa na baya, a motar da aikinta ya kai ga haka, a hannun direban da ya san ya kunna shi na 'yan mitoci ya kashe.

Irin makullin ma yana sauya lissafi

Makullai iri biyu ne. Akwai wanda direba ke kunnawa da kashewa, ko dai da iska, kamar Air Locker na kamfanin ARB na Ostireliya wanda ke buƙatar ƙaramin kwamfuresa, ko da lantarki kamar ELocker na Eaton. Idan an kashe shi, motar tana komawa yadda take, kamar ba a sa komai ba. Akwai kuma mai aiki da kansa, irin Detroit Locker, wanda kullum a kulle yake idan ana ba da wuta, sai a kwana ya saki tayar waje ta yi gaba. Wannan ya fi sauƙi, babu waya babu bututu, amma yana ƙaras-ƙaras a kwana, yana cin taya, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta yakan sa bayan motar da babu kaya ya fizge. Yana kuma buƙatar tayoyin aksil ɗin biyu su zama girma ɗaya, iska ɗaya, abin da ba kasafai ake kiyayewa ba a inda ake sayen taya ɗaɗɗaya.

Ga motar da ke kwana a kwaltar Dutse zuwa Kano ko Birnin Kudu, sai jefi-jefi take shiga daji, mai kunnawa da kashewa ya fi dacewa a baya. Wasu sukan sa mai aiki da kansa a gaba, bisa hujjar cewa a motar da ake cire fowil, musamman mai makullin cibiyar taya da ake murɗawa da hannu, aksil ɗin gaba hutawa yake a kwalta, don haka ba a jin makullin. Haka ne. Amma duk sa'ad da aka sa fowil, direba ba shi da ikon kashe shi, ko da a gangara mai santsi ce. A motar da ƙafafunta huɗu ke aiki kullum kuwa, ba a sa irin wannan a gaba sam.

Ba za a rasa bakaniken da zai ce a kawo ya yi wa haƙoran difarenshal walda a huta ba. Aikin yana da araha, kuma motar za ta fita daga taɓon ranar. Bayan nan kuma za ta riƙa jan taya a kowace kwana, ta riƙa murɗa sandunan aksil a kan kwalta da cikakken lodi, har ranar da ɗaya zai tsinke. Idan a gaba aka yi waldar, an taɓa sitiyarin da rayukan fasinjoji suka dogara a kansa. Arha dai ba ta ado.

Kafin a fitar da kuɗi

A yashin jigayi, makulli ba shi ne magani na farko ba. Abin da ke nutsar da mota a rairayi shi ne taya mai tauri da ke haƙa maimakon ta hau sama. Rage iska daga abin da aka saba zuwa wajen 18 ko 20 a gejin mai faci yana tsawaita inda tayar ke taka ƙasa, kuma sau da yawa wannan kaɗai ya isa, muddin za a tafi a hankali a kuma mayar da iskar kafin a hau kwalta. Motar da aka kulle wa aksil aka ci gaba da taka mata totur a yashi, tayoyi biyu ne za su haƙa rami maimakon ɗaya, har cikinta ya zauna a ƙasa. Da zarar ciki ya zauna, babu makullin da zai fitar da ita sai shebur da jak. A laka kuma, tayar da zanenta ya shafe ba ta da abin kamawa ko an kulle ko ba a kulle ba. Wanda kuɗinsa bai isa duka ba, ya fara da taya mai kyau, da geji, da famfon iska, da igiyar ja.

Idan an kai ga sayen makullin, ba sunan mota kawai ake faɗa wa mai kaya ba. Hilux ɗin shekara ɗaya tana iya zuwa da aksil iri daban-daban gwargwadon ƙasar da aka ƙera ta domin ta. Dole a san girman difarenshal, da yawan tsagin da ke bakin sandar aksil, da lissafin haƙoran giyarsa. Masu ɗauko cikakken aksil na hannu mai makulli daga kasuwanni irin Ƙofar Ruwa a Kano su tabbata lissafin giyarsa ya yi daidai da na gaban motarsu. Idan suka saɓa, gaba da baya za su riƙa ja-in-ja duk lokacin da aka sa fowil, kuma giyabos ne zai biya. Ɗaurawar ma aikin gwani ne, domin tazarar da ke tsakanin haƙoran manyan giyoyin biyu da ma'auni ake saita ta, ba da ido ba. Idan aka kuskure, aksil zai fara kuka, daga nan sai cin haƙora.

Wajen amfani, ana kunna makulli ne kafin a shiga wuri mai wuya, motar tana tsaye ko tana tafiya a hankali, ba lokacin da taya ke tsakiyar wulwulawa ba, domin haƙoran makullin za su iya karyewa. Littafin Toyota ya hana wuce kilomita 8 a sa'a idan an kulle, kuma a yawancin motocinta sai an sa ƙaramar giyar fowil makullin yake shiga. A wasu motocin, kulle baya yana kashe na'urar hana birki ƙwacewa, har ma da na'urar lantarkin da ke danne tayar da ke santsi, don haka fitilun da ke kamawa a gaban direba ba alamar lalacewa ba ce. A hanyar da ta karkata gefe guda kuma tana da santsi, kamar kafaɗar gadar ƙasa bayan ruwan sama, makulli yana iya zama abokin gaba: tayoyin baya biyu za su zame tare, bayan motar ya sulale zuwa kwari, alhali da difarenshal a buɗe yake, tayar da ba ta juyawa da ta riƙe motar.

Da an fita a kashe shi, a ɗan murɗa sitiyari dama da hagu har fitilarsa ta mutu. Wanda kuma ya ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya, ya sa a buɗe a duba man aksil a cikin makon. Aksil mai zafi idan ya shiga ruwa mai sanyi yakan zuƙo ruwan ta ƙofar shaƙar iskarsa, kuma idan man ya koma fari-fari kamar kunu, a zubar a zuba sabo kafin tafiya ta gaba.